Kafson Ganye, Haɗin Gargajiya ko Kwaɗon Zogale: Wanne Ya Fi wa Ɗan Wasa Mai Tasowa?

A ƙarshen hunturun bana ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 16 da ke buga ƙwallon kwando a Samaru, ya shigo gida da wata farar roba mai hoton koren ganye, ya ajiye ta a gabana a kan tabarma, ya ce, "Kawu, don Allah ka duba min wannan. An ce yana wanke gajiya, kuma rabin 'yan ƙungiyarmu sun fara sha." Kuɗin tara da ya yi makonni yana ragewa ne ya kai wani kanti mai sayar da kayan motsa jiki, inda aka tabbatar masa cewa tunda ganye ne, babu wata illa. A jikin robar an jera koren shayi da kurkum da masoro, sannan bitamin C miligiram 1,000 a shan kowace rana. Mahaifiyarsa ta leƙo daga madafi da ludayi a hannu, ta ce, "Yaya, wannan dai ba ƙwaya ba ce ko?" Na ce mata ba irin ƙwayar da take tsoro ba ce, amma hakan bai isa dalilin da zai sa a bar shi ya sha ba, sai an duba abin da take yi a jikin yaron da bai gama girma ba.

Zariya gari ne da yaro mai buga ƙwallo yake da hujjar yin dogon buri. A nan Masai Ujiri ya taso kafin ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors da ta ci kofin ƙwallon kwando na Amurka a 2019, kuma har yau filayen Jami'ar Ahmadu Bello da na unguwanni, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, ba sa rabuwa da samari da yamma. Inda buri ya yi yawa kuwa, masu talla ba sa nisa. Abin da ke gaban irin wannan yaro da iyayensa kashi uku ne: kafson da aka shigo da shi daga waje, kayan ganye na gida da ake ɗurawa a roba ko kwalba, da kuma abin da ake dafawa a tukunyar gidansu. Dukkansu ana jingina musu aiki ɗaya, wato tare abin da masana ke kira tsatsar jiki, don haka sai an fahimci wannan tsatsa kafin a iya auna su.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda tartsatsi ke tashi idan yaron maƙeri ya matsa wa zugazugi. Haka tsoka take a lokacin gudu. A cikin ƙwayoyin halittarta ana ƙona abinci da iskar oksijin domin a sami ƙarfi, kuma idan aiki ya tsananta sai a riƙa samun wasu ƙananan sinadarai marasa natsuwa, waɗanda ke kama duk abin da suka taɓa, kitse ne ko furotin, su lalata shi, kwatankwacin yadda fereriyar doya ke sauya launi idan an bar ta a iska, ko ƙusa ke yin tsatsa a damina. A 1978 aka fara nuna alamar hakan a numfashin mutanen da aka sa su tuƙa keke, a 1982 kuma wasu masu bincike a Kalifoniya suka auna waɗannan sinadarai kai tsaye a tsokar ɓerayen da aka gudanar har suka gaji. Daga nan tunanin da ake sayar da kafso da shi ya samo asali: tunda atisaye yana tayar da tartsatsi, kuma akwai sinadarai a cikin ganyaye da 'ya'yan itatuwa da ke kashe shi, waɗanda ake kira antiokzidan, to a ɗura wa ɗan wasa su da yawa. Magana ce mai shiga kunne, kuma an yi shekaru ana tafiya a kanta.

Abin da wannan tunani ya tsallake shi ne jiki yana da nasa masu kashe gobarar. Akwai sinadaran da ƙwayoyin halitta ke ƙerawa da kansu domin wannan aiki, irin su katales da gulutatayon, kuma atisaye ne ke ƙara yawansu. Tartsatsin da ke tashi lokacin gudu shi ne ɗan aiken da ke sanar da tsoka cewa aikin ya fi ƙarfin shirinta, sai ta ƙara gina murahun da take ƙona abinci a ciki, ta kuma ƙara masu gadinta. Wannan ne ya sa gudun da ya kwantar da yaro a makon farko yake zama wasa a wurinsa bayan wata biyu. Idan aka tare ɗan aiken a hanya, saƙon ba zai isa yadda ya kamata ba.

An gwada hakan a jikin mutane. A 2009 wasu masu bincike a Jamus suka sa samari kusan 40 atisaye na mako huɗu, rabinsu suna shan bitamin C miligiram 1,000 da bitamin E mai yawa kowace rana. Waɗanda ba su sha komai ba jikinsu ya ƙara iya sarrafa sukari, masu gadin tsokarsu kuma suka ƙaru, waɗanda suka sha kuwa ba a ga wannan ƙaruwar a jikinsu ba. A 2014 aka yi makamancinsa a Nowe da matasa 54, maza da mata, na tsawon mako 11, aka kuma tarar da cewa alamomin gina sababbin murahun tsoka sun dushe a jikin masu shan bitamin ɗin. Adalci ya sa a ƙara da cewa a binciken Nowe, da aka zo gwajin gudu, ɓangarorin biyu ba su bambanta ba, don haka ba za a ce kafson ya karya kowa ba. Haka kuma manya aka gwada, da bitamin tsantsa. Sai dai mai sayen kafso ba don ya tsaya inda yake ya saya ba, ya saya ne don ya wuce abokansa, kuma mafi kyawun abin da waɗannan gwaje-gwaje suka ba shi shi ne kunnen doki, bayan ya biya kuɗi.

Yaron namu ya ce shi ba don ƙarin gudu yake so ba, don tsamin jiki ne, domin washegarin atisaye mai nauyi ko tsugunno ba ya iya yi. A nan ma akwai amsa. A 2017 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magani ta tace su, ta haɗa bincike 50 da aka yi a kan mutum 1,089, mafi yawansu maza, waɗanda suka sha antiokzidan iri-iri, na kafso da na ruwan 'ya'yan itace, domin rage tsamin jiki bayan motsa jiki. An sami ɗan ragi, amma ƙanƙantarsa ta kai yadda mai tsamin ba zai ji bambanci a jikinsa ba. Tsamin jiki yakan kai ƙarshen zafinsa tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, sannan ya tafi da kansa, shi ya sa duk abin da aka sha a rana ta biyu yake samun yabon da bai yi wa aiki ba.

Sai batun "ai ganye ne", wanda shi ne ya fi yaudarar iyaye. Ganyen da aka tafasa aka sha daban yake da wanda aka tatse sinadarinsa aka dunƙule a kafso. Koren shayi misali ne mai kyau. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta duba shi a 2018, ta ce shan sa a kofi kamar yadda aka saba ba abin damuwa ba ne, amma kafson da ke ba mutum miligiram 800 ko fiye na babban sinadarinsa a rana yana tayar da alamomin wahalar hanta a gwajin jini. Dokar da ta biyo baya a 2022 ta wajabta a rubuta a jikin irin waɗannan kaya cewa kada a sha su da yunwa a ciki, kuma kada 'yan ƙasa da shekara 18 su sha. Yaranmu kuwa da yawa daga sallar asuba suke wucewa fili ba su karya ba, wato daidai lokacin da aka hana ne za su haɗiya. Kurkum ma haka ne. Wanda ake barbaɗawa a shinkafa hanji ba ya ɗaukar sinadarinsa sai kaɗan, shi ya sa masu kafso ke haɗa shi da sinadarin masoro domin ya shiga jini ninkin-ba-ninkin, kuma irin wannan haɗi ne aka alaƙanta da ciwon hanta na mutum fiye da 20 a Italiya a 2019, Ostireliya ma ta fitar da gargaɗi a kansa a 2023. Abu ne da ba ya yawan faruwa, kuma mafi yawan masu sha ba abin da ke samunsu, amma hatsarin da ake ɗauka ba tare da riba a gaba ba, ko ƙarami ne ya yi yawa. Saiwar ashwaganda ta Indiya, wadda yanzu ake yayi a wuraren ɗaga ƙarfe, Denmak ta hana sayar da ita a 2023 saboda damuwa a kan yadda take taɓa sinadaran maƙoshi da na haihuwa, waɗanda a jikin ɗan shekara 16 ba su gama daidaita ba.

Duk wannan idan abin da aka rubuta a jikin robar shi ne a ciki kenan. A Amurka, inda yawancin waɗannan kaya suke fitowa ko ake cewa sun fito, dokar 1994 ba ta buƙatar kamfani ya tabbatar wa hukuma cewa kayansa suna aiki kafin ya kai su kasuwa. Wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya sayi kayan ƙarin kuzari 634 daga ƙasashe 13 tsakanin 2000 da 2001, ya tarar 94 daga ciki, kusan kashi 15 cikin 100, suna ɗauke da sinadaran gina tsoka da aka haramta, ba tare da an rubuta su ba. Ga yaron da burinsa bai wuce gasar unguwa ba wannan batun lafiya ne kawai, amma ga wanda yake hangen gasar ƙasa ko ta waje batun makoma ne, domin ƙa'idar hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, wadda aka kafa a 1999, ita ce ɗan wasa ne ke ɗaukar alhakin duk abin da aka samu a fitsarinsa, ya sani ko bai sani ba. Najeriya ta ɗanɗana wannan. A gasar ƙasashe renon Ingila ta 2010 a Delhi aka karɓe zinaren gudun mita 100 daga hannun Oludamola Osayomi saboda wani sinadarin ƙara kuzari, wanda a wancan zamani kamfanoni da dama ke zubawa a kayansu suna rubuta shi da sunan man furen jeraniyom, wato da sunan ganye. A ta 2014 a Gilasgo kuma Chika Amalaha, tana da shekara 16, ta rasa zinarenta na ɗaga ƙarfe saboda magungunan sa fitsari. Ƙuruciya ba ta hana a karɓe lamba. Har sinadarai na ainihin tsirrai akwai waɗanda ke cikin jerin haramtattu, kamar ifedirin da higenamin, kuma jerin yana sabuntuwa kowace ranar 1 ga Janairu.

Kashi na biyu, kayan gida, bai kamata a yi musu kuɗin goro ba, domin iri biyu ne masu nisa da juna. Akwai garin ganye ɗaya tak, kamar zogale, da aka shanya aka daka aka ɗura a roba ko kafso. Wannan abinci ne da aka sa wa rigar magani, kuma babban laifinsa tsada ne. Kafso ɗaya yakan ɗauki kusan rabin giram, wato sai an haɗiyi huɗu kafin a kai ƙaramin cokalin shayi ɗaya, abin da ko kusa bai kai ganyen da ke cikin kwanon kwaɗo ba. Idan kuma a rana aka shanya shi, mafi yawan bitamin C ɗinsa ya tafi tun kafin a daka, ko da yake sinadaran ƙarfe da na ƙashi suna nan. Gwaje-gwajen da aka yi wa zogale a kan 'yan wasa kaɗan ne kuma ƙanana, yawancin abin da ake faɗa a kansa daga kwalaben ɗakin gwaji da ɓeraye ya fito. Wannan bambanci yana da muhimmanci har ma'aikatar noma ta Amurka ta sauke jadawalinta na ƙarfin antiokzidan a abinci daga intanet a 2012, saboda masu talla suna amfani da lambobinsa alhali abin da ke faruwa a kwalba ba shi ke faruwa a jiki ba.

Iri na biyu shi ne haɗi, wanda ake sayarwa a bayan mota da lasifika, ko a jarka, ko a kwalbar da aka rubuta mata cututtuka goma sha. A ganina wannan ne ya fi kowanne hatsari ga ɗan wasa, har ya fi kafson waje, domin babu mai iya faɗa maka adadin abin da ke cikin kofi ɗaya, kuma a ƙasashe da dama an sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe da maganin asibiti a ɓoye a ciki, musamman masu kashe ciwo da masu rage kumburi. Yaron da ya sha ya ji ciwon gwiwa ya ɗauke cikin sa'a ɗaya ya kamata ya yi zargi, domin ganye ba ya saurin haka. Habbatus sauda da zuma da man zaitun suna da matsayinsu a wurinmu, kuma ba shi nake taɓawa ba. Tambayata a kan kwalbar ce: wa ya ɗura, me ya ƙara, a ina ta kwana? Ko lambar NAFDAC ma sai an iya karanta ta. Yawancin magungunan ganye rajistar wucin gadi suke da ita, wadda lambarta ke ƙarewa da harafin L, kuma ma'anarta ita ce an duba rashin cutarwarsu, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Ana iya duba ingancin lambar a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook. Mai son sanin gaskiyar wani tsiro kuwa, a garin nan akwai sashe guda a tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello da aikinsa ke nan.

Kashi na uku shi ne wanda ba shi da mai talla. Abin da saurayi ɗan shekara 14 zuwa 18 yake buƙata na bitamin C a rana miligiram 75 ne, budurwa kuma 65, bisa ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka. Gwaiba tana da fiye da miligiram 200 a kowane giram 100, don haka matsakaiciya guda ɗaya ta biya buƙatar yini har da ragi. Lemu ɗaya yana ba da kusan 70, wanda ke nufin kafson ɗan ƙanwata daidai yake da lemu 14 a zama ɗaya, kuma hanji ba ya karɓar ko rabinsa idan awon ya wuce giram ɗaya, rarar abin da ya shiga jini kuma ƙoda ce ke tace ta ta zubar. Ɗanyen tattasai ya fi lemu. Farin garin 'ya'yan kuka da masu nono ke damawa yana cikin abubuwan da suka fi kowanne yawan wannan bitamin a ƙasar Hausa. Bitamin E yana cikin gyaɗa da man gyaɗa da manja, jan launin sobo kuma daga irin sinadaran da ake tallar 'ya'yan itatuwan Turai saboda su yake. Kwano ɗaya na kwaɗon zogale, da ƙuli da tumatir da albasa da ɗan mai, ya tara ganye da furotin da kitse wuri guda, kuma ɗanyen tumatirin yana taimaka wa hanji ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin ganyen. Awon da abinci ke bayarwa yana cike giɓi ba tare da ya kai yawan da aka ga yana dusashe amfanin atisaye ba, kuma yana zuwa tare da abin da kafso ba ya da shi ko kaɗan, wato ƙarfin da za a yi gudun da shi. Shekarar Zariya ma ta raba kayan daidai: mangwaro da bazara, rama da yakuwa da zogale da damina, gwaiba da sobo wajen kaka, sannan tumatir da karas da tattasai daga lambunan bakin Galma duk tsawon rani.

Abincin ma yana da nasa aibin, kuma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Sobon da ake sayarwa a bakin fili sau da yawa sukarinsa ya fi ƙarfinsa, kuma lafiyarsa tana rataye ne a kan ruwan da aka haɗa shi da shi, domin gudawa ta kwana biyu tana ɓata atisayen mako guda. Sobo yana kuma sauke hawan jini kaɗan, kamar yadda wani gwaji na 2010 a Amurka ya nuna a jikin manyan da suka sha kofi uku kullum na mako shida, don haka yaron da yake jin jiri idan ya miƙe bayan atisaye a zafin Afrilu ya fi buƙatar ruwa da abinci mai ɗan gishiri a kan ƙarin sobo. Ganyen da aka tafasa har ya yi laushi aka zubar da ruwansa ya yi asarar bitamin C mai yawa. Ƙulin da aka yi da gyaɗar da ta yi fumfuna yana iya ɗaukar gubar da ke cutar da hanta, don haka a san wurin saye. Shayi mai kauri a kan abinci yana rage ɗaukar sinadarin ƙarfe, abin da ya fi shafar 'yan mata masu gudu, waɗanda al'ada take rage musu jini kowane wata. Citta kuwa tana da ɗan abin nunawa: a wani gwaji na 2010 a jami'ar Jojiya ta Amurka, giram 2 a rana na kwana 11 ya rage ciwon tsoka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Gwaji ne ƙarami, amma giram 2 bai wuce abin da ake jefawa a kunu ko shayi ba, kuma babu buƙatar a saya a kafso.

Da na zauna da yaron na tambaye shi yadda yininsa yake, sai amsar gajiyarsa ta fito da kanta. Yana fita atisayen safe bai ci komai ba, ya wuce makaranta da biredi da shayi, ya koma fili da la'asar, ya kwanta bayan sha biyu saboda waya. Masana barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar sa'a 8 zuwa 10, shi kuwa da ƙyar yake samun shida. Jikin da ke girma yana kuma atisaye sau biyu a rana cikinsa biyu ne, kuma babu kafson da zai maye gurbin tuwo da wake da ƙwai da fura. Kuɗin robar nan da an kai shi kasuwar Samaru da ya sayi ƙwai da gyaɗa da kayan marmari na kwanaki masu yawa. Idan kuma da gaske ana son rage tsatsar jiki, hayaƙin taba da shisha ya fi atisaye kawo ta, har ma'aunin da na ambata ya ƙara wa mai shan taba miligiram 35 na bitamin C a rana saboda ɓarnar da hayaƙin ke yi. Gajiyar da ta ƙi tafiya bayan an gyara ci da barci kuwa ta asibiti ce, domin zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da tsutsar ciki duk da gajiya suke fara sallama, kuma gwajin jini ne ke bambance su.

Akwai inda kafso yake da gurbi, amma gurbin ƙunci ne. Idan gwaji ya nuna ƙarancin wani sinadari, kamar na ƙarfe, likita ya rubuta awo da wa'adi, wannan magani ne kuma a sha shi. Akwai kuma babban ɗan wasa da ke cikin gasar da ake buga wasa yau a buga gobe, inda abin da ake nema shi ne saurin farfaɗowa na 'yan kwanaki, ba gina jiki ba. A irin wannan hali ne aka ga ɗan amfani ga ruwan ceri mai tsami a jikin mutum 20 da suka yi gudun fanfalaƙi na Landan, a binciken da aka wallafa a 2010. Ko a nan, wanda zai fuskanci gwajin fitsari bai kamata ya taɓa komai ba sai mai tambarin wata hukumar gwaji mai zaman kanta, irin su Informed Sport, tare da lambar rukunin da aka gwada. Ga 'yan ƙasa da shekara 18 kuwa, kwamitin Olamfik na duniya ya faɗa a 2015 cewa bai dace a ƙarfafa musu shan kayan ƙarin kuzari don inganta wasa ba. Mai sikila, ko ciwon ƙoda, ko wanda ya taɓa yin ciwon shawara, ko mai shan wani magani na kullum, kada ya kusanci na waje ko na gida sai da izinin likitansa. Wanda ya riga ya fara sha kuma ya ga idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko ƙaiƙayi ya dame shi, ya daina a ranar, ya tafi asibiti da robar a hannunsa.

Ni dai a wurina jerin ya fito sarai ga yaro mai lafiya da ke atisaye a Zariya: tukunyar gida a gaba, garin ganye ɗaya mai lambar da aka tabbatar a bayanta da nisa, ga wanda yake da kuɗin da zai ɓatar, kafson waje sai da dalilin likita, haɗin da ba a san cikinsa ba kuwa babu shi a lissafi. Mai kantin ya ƙi karɓar robar tunda an ɓare murfinta, don haka tana nan a saman firij ɗin ƙanwata. Ita ta ɗauki nauyin ajiye masa ɗumamen tuwo ko kunun gyaɗa kafin fitar asuba da kwaɗo sau uku a mako, ni kuma na ɗauki nauyin ƙwai da zuwa wurin kocinsu, domin sauran yaran da suka fara sha su ma 'ya'yan wasu ne. Kocin ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai tara su ranar Asabar, ya kuma roƙe ni in zo da robar.